Daga "Ya Yi" Zuwa "Yakan Yi": Tarihin Dokar Maimaita Cin Zarafin Yara a Ostareliya

1.0 Gabatarwa

A nahawun Hausa akwai sanannen bambanci tsakanin shuɗaɗɗen lokaci da lokaci sabau. Idan aka ce "ya zo", zuwa ɗaya ake nufi, wanda ya auku ya ƙare, ana kuma iya tambayar ranar da ya auku. Idan kuwa aka ce "yakan zo", to al'ada ce ake bayyanawa, kuma tambayar "yaushe?" ba ta da amsa guda. Wannan bambanci da ɗalibi yake koya tun a ajin farko na nazarin harshe shi ne ya zame wa kotunan ƙasar Ostareliya ƙarfen ƙafa har fiye da shekara 30, a shari'o'in baligai waɗanda ake tuhuma da yi wa yara fyaɗe, ko wani nau'in cin zarafi na jima'i, a kai a kai. Takardar tuhuma da shuɗaɗɗen lokaci ake rubuta ta, wato wane ya yi kaza, a rana kaza, a wuri kaza. Shi kuwa yaron da aka daɗe ana cuta, da lokaci sabau yake ba da shaida.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda majalisun dokoki da kotunan Ostareliya suka yi ta kai-kawo a kan wannan matsala daga 1985 zuwa 2023. An zaɓi wannan ƙasa ne saboda a can an daɗe ana ja-in-ja a kan batun, sa'an nan kuma kundin laifuffuka na jihar Queensland, inda aka fara gyaran, shi ne uwa ga kundin da Turawan mulkin mallaka suka kawo Nijeriya. Za a komo kan wannan dangantaka daga baya.

2.0 Ƙa'idar Fayyace Tuhuma

Tsarin shari'ar da Ostareliya ta gada daga Ingila yana da wata tsohuwar ƙa'ida: kowane laifi da tasa tuhumar, kuma kowace tuhuma dole ta nuna aiki guda wanda za a iya bambance shi da waninsa. Shari'ar da alƙalan ƙasar suka fi kafa hujja da ita a kan haka ba ta ma shafi yara ba. Ita ce shari'ar Johnson da Miller ta 1937, wadda aka yi a kan wani mai gidan giya a Kudancin Ostareliya. An tuhume shi da cewa an ga wani mutum yana fitowa daga gidan a lokacin da doka ta hana ciniki, alhali masu ƙara suna da labarin mutum kusan 30 da suka shiga suka fita, suka kuma ƙi faɗin wanne daga cikinsu suke nufi. Babbar Kotun Ostareliya, wadda ita ce kotun ƙoli a ƙasar, ta ce ba a shari'a haka. Wanda ake tuhuma yana da haƙƙin sanin ainihin aukuwar da zai kare kansa a kanta.

Ƙa'idar ba ta banza ba ce. Mutumin da aka ce ya yi laifi ranar Talata yana iya kawo shaidar cewa ran nan yana wani gari. Wanda aka ce masa "wani lokaci a bara" ba shi da wannan dama. Haka kuma idan an wanke mutum ko an hukunta shi, dole a san a kan wane aiki ne, don kada gobe a sake gurfanar da shi a kan abin da aka riga aka yanke. Ga kuma batun juri, wato mutum 12 da ake zaɓowa daga cikin jama'ar gari su saurari shaidu su yanke ko akwai laifi ko babu. Idan 6 daga cikinsu sun gamsu da aukuwar farko, 6 sun gamsu da ta biyu, to a haƙiƙa babu aukuwa ko ɗaya da suka haɗu a kanta. Duk waɗannan dalilai ne masu ƙarfi, kuma sun dace da sata da kisan kai da fashi, laifuffukan da akasari sau ɗaya suke aukuwa, su bar rana da wuri a zukatan mutane.

3.0 Shari'ar S da Sarauniya, 1989

A watan Disamba na 1989 Babbar Kotu ta yanke hukunci a shari'ar da aka sani da S da Sarauniya. An sakaya sunan da harafi ɗaya ne domin kare yarinyar. Wani mutum ne a Yammacin Ostareliya aka tuhuma da saduwa da 'yar cikinsa. Masu gabatar da ƙara suka rubuta tuhuma 3, kowace tana cewa ya yi aikin sau ɗaya a wata rana da ba a sani ba cikin tsawon shekara guda, tsakanin 1980 da 1982. Da yarinyar ta tsaya ba da shaida, sai ta ce abin ya yi ta faruwa duk bayan wata biyu ko makamancin haka. Lokuta biyu kaɗai ta iya warewa da wata alama, su ma ba ta iya ɗora su a kan wata shekara takamaimai ba. Lauyan uban ya nemi a fayyace wane aiki kowace tuhuma take nufi, alƙali ya ƙi, juri suka same shi da laifi a dukkan ukun.

Babbar Kotu ta rushe hukuncin da rinjayen alƙalai 4, Mai Shari'a Brennan kaɗai ya saɓa, ta kuma ce a sake shari'a. Hujjarta ita ce akwai ɓoyayyar shubuha a cikin tuhumar: a rubuce aiki ɗaya ne, amma a bakin shaida ayyuka ne da yawa, kowannensu yana iya zama wanda ake nufi. Abin lura shi ne kotun ba ta ce yarinyar ƙarya take yi ba. Abin da ta ce, in an sauƙaƙa shi, shi ne shaidarta ba ta shiga cikin mazubin da doka ta tanada ba. Da sau ɗaya aka cuce ta a kowace shekara, da tuhumar ta tsaya daram. Yawan cutar shi ne ya zama garkuwa ga wanda ake zargi.

Ba a Ostareliya kaɗai aka yi karo da wannan ba. A jihar Kalifoniya ta Amurka wata kotun ɗaukaka ƙara ta rushe irin wannan hukunci a 1988 bisa dalili makamancin wannan, majalisar jihar kuwa ta mayar da martani a 1989 da sashe na 288.5 na kundinta. Sashen ya hukunta wanda yake zaune gida ɗaya da yaro ɗan ƙasa da shekara 14, ko yake samun kaiwa gare shi a kai a kai, ya kuma cuce shi sau 3 ko fiye cikin aƙalla wata 3. Jihar Texas ta bi sahu a 2007.

4.0 Sashe na 229B da Abin da Ya Biyo Baya

Jihar Queensland ta riga ta hango matsalar tun kafin hukuncin S. A 1985 Daraktan Gabatar da Ƙararraki na jihar, Des Sturgess, ya fitar da rahoton bincike a kan laifuffukan jima'i da suka shafi yara, inda ya ba da shawarar a ƙirƙiro sabon laifi wanda zai dubi ɗorewar cutar. A 1989 majalisa ta saka sashe na 229B a kundin laifuffuka. Sashen ya haramta wa baligi ci gaba da hulɗar jima'i da yaro ɗan ƙasa da shekara 16. Sharaɗinsa shi ne a nuna an aikata laifin jima'i a lokuta 3 ko fiye, ya kuma faɗa ƙarara cewa ba dole ne shaida ta bayyana ranaku ko ainihin yanayin waɗannan lokuta ba. Kafin shekarun 1990 su ƙare sauran jihohi duk sun yi irin nasu.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. A 1997 shari'ar KBT, daga Queensland ɗin kanta, ta isa Babbar Kotu. Yarinyar da ke cikin wannan shari'a ta ba da shaida ne rukuni-rukuni: abin da yakan faru idan suna kan babur a gona, da abin da yakan faru lokacin tsinkar 'ya'yan itace, da abin da yakan faru da dare wajen kallon talabijin, da sauransu. Kowane rukuni al'ada ce, ba aukuwa ɗaya ba. Kotun ta karanta sashen da idon nahawu, ta ce ko da yake sunan laifin yana maganar ci gaba da hulɗa, ainihin abin da aka haramta shi ne ayyuka 3. Saboda haka dole juri su haɗu baki ɗaya a kan ayyuka 3 guda, ba kowa ya zaɓi nasa ba. Tun da alƙalin farko bai gaya musu haka ba, sai aka rushe hukuncin.

A nan za a ga yadda kalma ɗaya ta mayar da hannun agogo baya. Majalisa ta yafe wa yaro faɗin rana, amma ta bar kalmar "lokuta" a cikin sashen, lokaci kuwa abin ƙirgawa ne, kuma ba a ƙirga abin da ba a ware ba. Yarinyar da a da ake nema ta ware aukuwa ɗaya, yanzu 3 ake nema ta ware. An gudu ba a tsira ba ke nan. A jihohi irin su New South Wales masu gabatar da ƙara suka kusa daina amfani da sashen gaba ɗaya, suka koma tsohuwar hanya ta tsinto aukuwa ɗaya ko biyu da yaro ya fi tunawa, kamar wadda ta zo daidai da ranar haihuwarsa ko ranar ƙaura zuwa sabon gida. Sauran shekarun cutar kuwa sai su zama shimfiɗar labari kawai, ba a yin hukunci a kansu.

A 2003 majalisar Queensland ta sake rubuta sashen, wannan karon ta sauya ginshiƙinsa. Abin da za a tabbatar yanzu shi ne hulɗar kanta, wadda aka fassara da cewa ita ce mai ɗauke da haramtaccen aikin jima'i fiye da ɗaya cikin kowane tsawon lokaci. Dole juri su gamsu, ba tare da wata shakka mai ma'ana ba, cewa hulɗar ta wanzu, amma ba dole su haɗu a kan ayyuka guda ba. Hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Aka kuma ajiye wani birki: ba a shigar da irin wannan ƙara sai da amincewar Babban Lauyan Gwamnati ko Daraktan Gabatar da Ƙararraki. Da harshen nahawu, a 2003 ne doka ta yarda cewa "yakan yi" jimla ce da za a iya tabbatarwa da kanta, ba sai an farfasa ta zuwa "ya yi" guda uku ba.

5.0 Abin da Masana Suka Gano, da Hukumar Bincike ta 2013

Yayin da lauyoyi suke wannan taƙaddama, masana halayyar ɗan'adam suna can suna nazarin yadda yara suke tuna abin da ya maimaitu. Katherine Nelson da abokan aikinta a Amurka sun nuna tun shekarun 1980 cewa ƙaramin yaro, idan aka tambaye shi abin da ya saba yi, kamar cin abinci a makaranta, yakan ba da tsarin abin ne gaba ɗaya, daki-daki, cikin jimloli marasa ƙayyadadden lokaci. Idan aka matsa masa ya faɗi na jiya kaɗai sai bayanin ya ragu. A Ostareliya, Martine Powell da abokan bincikenta sun faɗaɗa wannan a fagen yi wa yara tambayoyi domin shari'a. Abin da aka gano shi ne maimaici yana ƙarfafa tuna abin da ba ya sauyawa, yana kuma rikita tuna wane ƙaramin bayani ne ya faru a wace rana. Yaro yana iya faɗin gaskiya a kan ɗaki da ƙofa da abin da aka yi masa, amma ya ɗauki rigar ranar Asabar ya sa wa ranar Litinin. Lauyan da ya iya aikinsa da wannan rigar zai rushe shaidar duka. Har ila yau an lura cewa sigar tambaya tana jan sigar amsa: wanda ya tambayi yaro da lokaci sabau, da shi za a amsa masa. Wannan batu ne da ya kamata ya ja hankalin masu nazarin harshe fiye da yadda ya yi.

A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta Kudancin Ostareliya ta rushe wani hukunci saboda matar da ta kawo ƙara, wadda ta ce an yi ta cutar ta kusan kowane mako tana yarinya, ta kasa ware aukuwa biyu daga cikin tarin. Biyu daga alƙalan da suka yanke hukuncin sun rubuta da kansu cewa sakamakon juyayyen al'amari ne, domin gwargwadon yawan cutar da aka yi wa yaro, gwargwadon wahalar tabbatar da ita. Suka nuna cewa gyaran na majalisa ne, ba nasu ba.

Wannan ya zo daidai da zaman babbar hukumar binciken da Firayim Minista Julia Gillard ta sanar a Nuwamba 2012, aka kafa ta a Janairu 2013 ƙarƙashin Mai Shari'a Peter McClellan, domin duba yadda coci-coci da makarantu da gidajen renon yara da ƙungiyoyin wasanni suka riƙe ƙorafin cin zarafin yara. Hukumar ta saurari mutum fiye da 8,000 a zaman sirri. Daga cikin abin da ta samu akwai cewa waɗanda suka yi mata bayani sun ɗauki, a matsakaici, shekara 23.9 kafin su gaya wa wani abin da ya same su. Wanda ya zo kotu bayan shekara 20 da ɗoriya, neman ya ware Talata daga Laraba neman jini ne a jikin fara. A rahotonta kan shari'ar laifuffuka na Agusta 2017 hukumar ta nuna cewa sashen Queensland na 2003 shi ne ake amfani da shi sosai, ta kuma ba da shawarar kowace jiha ta yi doka a kan wannan tsari, dokar kuma ta haɗa har da laifuffukan da aka yi kafin zartar da ita, muddin ayyukan haramtattu ne tun a lokacin da aka yi su.

Bai kamata a ɗauka gyaran ba shi da farashi ba. A Satumba 2017 Babbar Kotu ta duba ƙarar wani malamin makaranta daga Kudancin Ostareliya wanda aka tuhuma da ayyuka iri-iri, tun daga sumba har zuwa mafi muni. Juri sun ce yana da laifi, amma ba a tambaye su waɗanne ayyuka suka gamsu da su ba, alƙali kuwa ya yanke ɗauri a kan mafi munin. Kotun ta ce idan ba a tambayi juri ba, to a yi hukunci a kan mafi sauƙin. Cikin 'yan makonni, a Oktoba na shekarar, majalisar jihar ta sauya dokar, ta bi tsarin hukumar bincike. New South Wales ta yi nata gyaran a 2018. Lauyoyi masu kare waɗanda ake tuhuma suna da hujja idan suka ce an rage wa mutum damar cewa "ran nan ba na gari". Gaskiya ne an rage. Abin da majalisun suka auna shi ne cewa wannan dama, ga mutumin da yake kwana gida ɗaya da yaron shekara da shekaru, dama ce da tun asali ba ta da yawan amfani, alhali kuwa riƙe ta yana rufe ƙofar shari'a ga yaran da aka fi cuta.

6.0 Rigimar Suna

Da aka shawo kan matsalar ƙirge sai wata ta ɓullo daga cikin maganin. Kalmar Ingilishi da Queensland da Tasmaniya da wasu jihohi suka gina laifin a kanta ita ce "relationship", kalmar da a bakin jama'a take ɗauke da ma'anar soyayya da yardar juna. A Hobart, babban birnin Tasmaniya, wani malamin lissafi ɗan shekara 58 ya yi ta cin zarafin ɗalibarsa Grace Tame a 2010, tana da shekara 15. A 2011 aka same shi da laifi a ƙarƙashin sashen da sunansa yake cewa ya ci gaba da hulɗar jima'i da matashiya, jaridu kuma suka ɗauki kalmar suka yi ta ba da labarin kamar na masoya. Ita kuwa sashe na 194K na dokar shaida ta jihar ya hana a buga sunanta ko da ta yarda, alhali shi yana magana a fili yadda ya so. Sai a 2019 ta sami izinin kotu, bayan gangamin da 'yar jarida Nina Funnell ta jagoranta. A 2020 Tasmaniya ta gyara wancan sashe, ta kuma sauya sunan laifin zuwa cin zarafin yaro na jima'i a kai a kai. A Janairu 2021 aka naɗa Tame Gwarzuwar Shekara ta Ostareliya, ta kuma mayar da cire wannan kalma daga dokokin sauran jihohi ɗaya daga manyan buƙatunta. Queensland, inda kalmar ta samo asali, ta sauya sunan sashe na 229B a 2023.

Mai nazarin Hausa ba zai rasa abin dubawa a nan ba. A rediyo da jaridu an saba jin "ya yi lalata da ƙaramar yarinya". Harafin "da" a wannan jimla na tarayya ne, shi ne na "ya yi ciniki da wane" ko "ya yi shawara da wane", kuma da wannan jimlar ake ba da labarin baligai biyu da suka yarda da juna. "Ya yi mata fyaɗe" kuwa ta ajiye yarinyar a gurbin wadda aiki ya faɗa wa. "Ya lalata ta" ta kauce wa tarayya, amma ta ɗora lalacewar a kan yarinyar, abin da ke da nasa nauyin a al'ummar da ake auna aure da irin wannan magana. Kunya ce ta sa ake zaɓen jimlar farko, kunya kuwa abin yabo ce, sai dai a nan ta raba laifi biyu ta ba yarinya rabi.

7.0 Reshen da Ya Zo Nijeriya

Kundin da sashe na 229B yake ciki Sir Samuel Griffith ne, Alƙalin Alƙalan Queensland, ya tsara shi. An zartar da shi a 1899, ya fara aiki a 1901. A 1904, zamanin Lugard, Alƙalin Alƙalan Arewa H. C. Gollan ya ɗauko shi ya gina kundin laifuffuka na Arewacin Nijeriya a kansa, domin kotunan Turawa, su kuwa kotunan alƙalai suka ci gaba da fiƙihun Malikiyya. Bayan haɗewar 1914 aka shimfiɗa kundin a ƙasar baki ɗaya a 1916. A 1960 Arewa ta bar shi ta koma kundin Final Kod, wanda aka ɗauko daga na Sudan, shi kuma daga na Indiya. Ta haka kundin da ya shigo ta Arewa ya zauna a Kudu.

Sashe na 218 na wannan kundi ya tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya sadu da yarinya 'yar ƙasa da shekara 13, amma ya gindaya sharaɗi biyu. Dole a fara shari'a cikin wata 2 da aikata laifin, kuma ba a kama mutum da laifi da shaidar mutum ɗaya wadda ba ta sami mai ƙarfafa ta ba. A ajiye wata 2 ɗin nan kusa da shekara 23.9 da hukumar Ostareliya ta samu. Sharaɗin wata 2 yana kuma buƙatar a san ranar da za a fara ƙirgawa, wato dai matsalar shari'ar S ce ta shigo ta wata ƙofar.

An yi gyare-gyare masu muhimmanci. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, a sashe na 31, ta ɗaga shekarun zuwa 18, ta tanadi ɗaurin rai da rai, ta kuma ce yardar yaro ba hujja ba ce. Jihar Legas ta yi sabon kundinta a 2011. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ta faɗaɗa ma'anar fyaɗe ta haɗa da maza, ta kuma tanadi rajistar masu laifin, wadda aka ƙaddamar a Nuwamba 2019. A Satumba 2020 jihar Kaduna ta sa hukuncin dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Sai dai idan aka jera waɗannan kusa da tarihin Ostareliya za a ga ƙarfinsu ya fi karkata ga tsananta hukunci da faɗaɗa ma'anar aikin. Sashe na 31 na dokar 2003 da sashe na 1 na dokar 2015 duk aiki guda suke siffantawa. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 tana neman tuhuma ta ƙunshi bayanin lokaci da wuri gwargwadon abin da zai fahimtar da wanda ake tuhuma, kuma kowane laifi da tasa tuhumar. Sashe na 209 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce yaro ɗan ƙasa da shekara 14 ba a rantsar da shi, kuma ba a kama mutum da laifi da irin wannan shaida sai an sami wata mai ƙarfafa ta. Tsananin hukunci ba ya kaiwa ga wanda tuhumarsa ta faɗi tun a bakin ƙofa.

Akwai wurin da Nijeriya ta fi sauƙi. Babu juri a kotunanta na yau, alƙali ne yake auna shaida ya kuma rubuta dalilansa, saboda haka rigimar KBT ta haɗuwar mutum 12 ba za ta taso da wannan siga ba. Akwai kuma wurin da ta fi wuya. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin a sanar da shi laifinsa dalla-dalla, cikin harshen da yake ji, don haka duk majalisar da za ta yi doka irin ta Queensland sai ta nuna cewa fayyace tsawon lokaci da wuri da nau'in ayyuka ya cika wannan sharaɗi.

Sa'an nan ga tafinta. A manyan kotuna da Ingilishi ake rubuta bayanin shari'a, yarinyar da ta zo daga Funtuwa ko Azare kuwa da Hausa za ta yi magana. Idan ta ce "yakan kira ni ɗakinsa in Inna ta tafi unguwa", ta faɗi mai aiki da wuri da yanayi da maimaici a jimla ɗaya, ƙwayar "kan" ce kuma take ɗauke da maimaicin. Ingilishi ba shi da ƙwayar da ta yi daidai da ita ta kowace fuska, sai tafinta ya zaɓa tsakanin sigogi biyu ko uku. Idan ya zaɓi shuɗaɗɗen lokaci tsura, abin da zai shiga littafin kotu kira ɗaya ne, kuma tambayar da lauya zai tashi da ita ita ce wace rana.